Sati uku ina kwance da karaya, waya ta fita raina, ku me kuka yi da ranakunku?

Mai_Sanda_Biyu ya rubuta:

Slm jama'a, dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa doguwar jinya a gida. Ni dai sana'ata gyaran na'urar sanyaya ɗaki, yau sati uku kenan da na zame daga kan tsani ina cikin aiki, ba ma wani tsani mai tsawo ba wlh, amma na faɗo a kan ƙafar hagu ƙashin ƙwauri ya karye. An ɗauki hoto, an gyara, an sa min siminti tun daga yatsu har saman gwiwa, likita ya ce kar in kuskura in taka ta sai an sake hoto a sati na shida, kuma ya faɗa min gaskiya cewa ƙashin ƙwauri ba ya sauri, kafin in koma hawa tsani sai an yi watanni.

Ciwon alhamdulillah ya ragu sosai, yanzu ba shi ne matsalata ba. Matsalata rana ce. Ban taɓa sanin rana tana da tsawo haka ba. Mutumin da ya saba fita tun da sassafe sai dare ya shigo, yau ga ni daga gado sai kujera daga kujera sai gado, banɗaki ma sai na yi shiri kamar mai tafiya wani gari. Satin farko 'yan dubiya sun cika gida har ina cewa yaushe za a barni in yi barci, sati na biyu suka ragu, yanzu kowa ya koma harkarsa kuma ban ga laifin kowa ba. Madam tana fita aiki, yara suna makaranta, gida tsit sai ƙarar fanka.

Waya kuwa na danna har babban yatsana ya fara ciwo. Daga Facebook in koma TikTok, in koma WhatsApp in duba ko wani ya yi magana, babu, in sake komawa Facebook in tarar da abin da na gani minti goma da suka wuce. Shekaranjiya na duba wajen da waya ke nuna yawan lokacin da ka yi a kanta na ga awa 11, sai da na ji kunyar kaina. Kuma abin haushin idan dare ya yi aka ce me ka gani yau ba zan iya faɗin abu ɗaya ba. Fim ma na yi ta kallo har na fara barci a tsakiya, barcin rana ya sa ba na samun na dare, ƙarfe uku ina kwance ina ƙirga layukan silin. Jiya na yi wa ƙaramar 'yata tsawa a kan ta matsar min da sanda, yarinya ta tsaya tana kallona, abin ya tsaya min a rai har yanzu.

To ku da kuka taɓa shiga irin wannan, me kuka riƙa yi? Ina son abin da za a yi a zaune ko a kishingiɗe, ƙafa a miƙe, hannuwana biyu lafiyarsu ƙalau. Kar a ce min karatu kawai dan Allah, na gwada, shafi biyu nake yi hankalina ya tafi wani wajen.

---

Umman_Biyu ta rubuta:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu, Allah ya ƙara sauƙi ya sa kaffara ne. Ina karanta rubutunka ina murmushi don kamar ni ka rubuta wa, har maganar ƙirga silin ɗin. Ni idon sawu na karya shekara biyu da suka wuce, santsin tayil ya kwashe ni ina ɗauke da bokiti, sai da aka sa ƙarfe, wata biyu da rabi ban taka ba.

Abin da na gane a nawa zaman shi ne waya tana cin lokaci amma ba ta bar maka komai a hannu, shi ya sa da daddare kake jin kamar an sace maka ranar. Abin da ya taimake ni shi ne abin da idan na tashi da safe zan ganshi da idona ya fi na jiya tsawo. Ni saƙar kwarashi na kama. Kar ka yi dariya ka ce aikin mata ne, tsaya ka ji tukuna. Ban iya ba ko kaɗan, ƙanwata ce ta kawo min kwarashi ɗaya da ƙwallon zaren ulu guda biyu ta ajiye ta tafi, suka yi kwana huɗu a gefen filo ina hararsu. Ranar da na ɗauka YouTube na buɗe na rage saurin bidiyon zuwa rabi, matar tana sa kwarashi a rami ina sawa, tana jawo zare ina jawowa, nata ya fito sarƙa mai kyau nawa ya fito kamar hanjin kaza. Na warware na sake ya fi sau ashirin. Abu na farko da na gama wai murabba'i ne, amma gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi don ina ta zubar da ƙulli ɗaya a ƙarshen kowane layi ban sani ba, sai ya fito kamar siket ɗin 'yar tsana. Yana nan har yau, a ƙarƙashin kofi nake sa shi.

Amma ka san me, ranar da na yi wannan karkataccen abin na ɗaga kai na ga awa uku ta wuce ban ji ƙafar ba, ban duba waya ba, kuma ranar na yi barci. Saboda hannu yana aiki, baki yana ƙirga ɗaya biyu uku, babu wajen da tunani zai samu ya shigo. Kafin a cire min abin ƙafar na yi bargon jariri guda da huluna uku.

Ba lallai sai saƙa ba, kai da hannunka ya saba da sukurdireba ai ka ma fi ni abin yi. Shawarata ta gaskiya ita ce ta shiri, don na lura abin da ke hana mai jinya yin abu ba rashin so ba ne, nisan abin ne. Idan sai ka lalubo sanda ka miƙe ka je ɗaya ɗakin kafin ka ɗauko, wlh ba za ka yi ba, waya ce za ta ci nasara don ita tana ƙarƙashin filo. To ka juya abin. Ka sa a samo maka babban tire ko ɗan katako da za ka ɗora a cinya, da kwando ko kwali a gefen da hannunka ke kaiwa, duk kayan aikin a ciki. Waya kuma a sa ta caji can nesa inda sai ka sha wahala kafin ka kai, ka ƙara mata ƙara yadda in an kira za ka ji. Kuma ka rataya 'yar jaka a wuya ko a baya in za ka tashi, tunda mai sanda biyu ba shi da hannun ɗaukar ko kofi, wannan sai da na zubar da ruwan zafi a ƙafa mai lafiyar na koya.

Maganar 'yarka kuwa, ka kira ta ka ba ta haƙuri, yara ba sa riƙo. Ka ba ta muƙami ma, ka ce ita ce mai kula da sanda, za ka sha mamaki yadda za ta riƙe aikin.

---

Dokin_Ces ya rubuta:

Oga sannu da jiki. Ni gwiwa ce, jijiya ta tsinke a ƙwallo aka yi aiki. Amsa ɗaya gare ni: ces, wato wasan darar nan na allo da Turawa ke kira chess. Gida 64, kowa da 'ya'ya 16, a awa ɗaya za ka koyi yadda kowanne yake tafiya, doki ne kawai zai ɗan ruɗa ka don shi gida biyu yake yi ya karkata ɗaya kuma yana tsallake mutane, amma iya wasan kansa sai ka tsufa ba ka gama ba. Akwai Lichess, manhajar buga ces a waya, kyauta ne babu talla, kana iya bugawa da kwamfuta ko da mutane daga ko'ina a duniya ko ƙarfe uku na dare ne akwai wanda idonsa biyu a wata ƙasa, ga kuma wasa ƙwaƙwalwa da suke bayarwa a ce ka nemo yadda za ka kashe sarki a taku biyu.

Na san Umma za ta ce ai waya ce dai, eh waya ce, amma da bambanci tsakanin ka zauna ana zuba maka abu da kuma ka zauna kana dafa kai. In so samu ne ma ka samu allon na gaske ka jera a tire ɗin da ta ce, ka koya wa babban yaronka, in ya dawo makaranta ku buga ɗaya. Gargaɗi biyu kawai: satin farko za a yi ta cinye ka a taku huɗu da sarauniya, kar ka yi zuciya kowa ta nan ya bi, sannan kar ka fara buga mai minti ɗaya ko uku ɗin nan, wannan masifa ce ta fi TikTok kama mutum, na taɓa yin wasa arba'in a zaune ina ta cewa wannan ne na ƙarshe hhhh. Mai minti 15 ka riƙa yi. In ka buɗe akawun a Lichess ka sanar da ni sunanka in zo in ci banza.

---

Mai_Gashin_Ƙashi ya rubuta:

Malam sannu, Allah ya ba da lafiya. Aikina ke nan gashin ƙashi, to bari in sa baki ta ɓangarena, amma maganar likitan da ya ga hotonka ita ce gaba da tawa.

Na farko tunda Hajiya ta kawo maganar kwarashi, dan girman Allah kar wannan kwarashin ko biro ko sukurdireba ya shiga cikin simintin nan da sunan susa. Na san ƙaiƙayin yana iya sa mutum kuka, amma fatar da ke ciki ta yi laushi, ƙaramin ƙarzanewa sai ya zama gyambo a inda ba mai gani, sai wari ya tona. Na taɓa ganin an buɗe an tarar da murfin biro ya lotsa cikin fata. In ya dame ka ka ɗan bubbuga bayan simintin ko ka hura iska mai sanyi da na'urar busar da gashi, mai sanyi fa ba mai zafi ba.

Na biyu, abin da kake yi na neman abin yi ba wasa ba ne, cikin magani yake. Lokacin yaƙin duniya na farko, 1914 zuwa 1918, sojojin da aka kwantar da raunuka an riƙa koya musu saƙa da yin kwando da sassaƙa da ɗaure littafi a kan gadon asibiti, don an ga wanda hannunsa ke aiki ya fi kwanciyar hankali kuma ya fi saurin komawa rayuwa. A wannan zamanin fannin jinya ta hanyar sana'ar hannu ya kafu sosai, ƙungiyar masu yinsa a Amurka a 1917 aka kafa ta. Don haka maza majiya ƙarfi sun riga ka riƙe zare.

Sai dai ga inda nake jan kunne. Abin sha'awa in ya yi daɗi yana sa mutum ya daskare waje ɗaya awa uku kamar yadda Hajiya ta faɗa, ita ta ji daɗi ni kuma gabana ya faɗi. Ƙafar da ba ta motsi jini yana tafiya a hankali a cikinta, kuma yana iya daskarewa a jijiyar ciki. In ka ji sharaɓa ko cinya ta kumbura fiye da da, ko sabon ciwo da zafi, ko yatsu sun canja kala ko sun mutu ba ka jinsu, ko simintin ya matse ka sosai, wannan asibiti ne a ranar. In kuwa numfashi ya fara yi maka wuya ko ƙirji ya riƙe haka kawai, wannan ba jiran safiya, a tafi a lokacin. Ba tsoratarwa nake ba, yawanci ba ya faruwa, amma gara ka sani.

To yadda nake ce wa mutanena su yi: ka ɗaura motsa jikin a jikin abin sha'awar. Ka gama wasan ces ɗaya, ka motsa yatsun ƙafa, ka matse naman cinya ka riƙe ka saki, ka motsa ƙafa mai lafiyar ita ma, in dai an ba ka izinin waɗannan. Ka gama layi goma na saƙa ko ka kwance abu ɗaya, ka gyara zama ka miƙe baya ka sha ruwa. Mutane suna manta takardar motsa jikin da muke ba su amma ba sa manta abin da suke so, to sai a haɗa su aure. Ƙafar kuma ta zauna a kan filo, a kwanakin kumburi ma ta fi ƙirji tudu. Tire ɗin a cinya yana sa wuya ya sunkuya, ka sa filo a ƙarƙashinsa ya ɗago.

Kuma ko za ka ji sanyi, kai ne kake ganin ba ka yin komai, ƙashin yana kan aiki ba dare ba rana. Kwanakin farko jini ne yake taruwa ya dunƙule a wajen karayar, daga nan wani abu mai laushi kamar guringuntsi ya haɗa bakin biyu, wajen sati na biyu zuwa na uku ke nan, wato daidai inda kake yanzu, sannan a hankali ya koma ƙashi mai tauri cikin makonnin da ke biye, gyaran fuska na ƙarshe kuwa yana ɗaukar watanni har fiye da shekara. Shi ya sa ake hana ka takawa yanzu ko da ba ka jin ciwo, haɗin bai yi ƙwari ba. In kana shan sigari wannan ne lokacin ajiye ta, tana rage jinin da ke isa wajen kuma tana jinkirta haɗewar ƙashi, wannan ba a jayayya a kai. Barcin rana kuma ka rage shi zuwa ɗan kaɗan, ka sa a buɗe labule da safe haske ya shigo, na dare zai dawo.

---

Mai_Sanda_Biyu ya rubuta:

Kai likita kamar kana leƙena, wlh da maƙalin kaya na ƙarfe nake susa tun satin jiya. Na daina daga yau. Umma na gode ƙwarai, na ba yarinyar haƙuri ta ce ita ta ma manta. Dokin_Ces zan buɗe amma ba zan faɗa maka sunan ba sai na ƙware.

---

Yar_Fensir ta rubuta:

Yaya sannu. Nawa ya sha bamban da naka don ni wuyan hannun dama na karya, kuma da dama nake komai, to ka gode wa Allah da hannu biyu, ni maɓallin riga ma sai an sa min. Zane nake yi dama tun ina ƙarama, da abin ya faru na yi kwana biyu ina kuka sai malamarmu ta turo min labarin Frida Kahlo 'yar ƙasar Meziko. A 1925 tana da shekara 18 motar bas ɗin da take ciki ta yi karo da taragon lantarki, ta karye a ƙashin baya da ƙugu da haƙarƙari da ƙafa, yarinyar da burinta ta zama likita. Tana kwance watanni ba ta iya tashi, mahaifiyarta ta sa aka yi mata wani katako na musamman da za ta iya zane a kwance, aka maƙala madubi a saman gadon, to tunda fuskarta ce kawai abin da take gani kullum sai ta fara zana kanta, daga nan aka samu mai zanen da duniya ta sani. Haka Henri Matisse na Faransa, akawu ne a ofishin lauya, yana wajen shekara 20 ciwon ciki ya kwantar da shi mahaifiyarsa ta kawo masa akwatin fenti don ya rage zaman banza, shi ke nan ya bar lauyanci. Da ya tsufa aka yi masa babban aiki a 1941 tsayuwa ta gagare shi, sai ya koma yanka takardu masu kala da almakashi yana daga zaune.

Ni dai da hagu na koma zane. Kofin da ke gabana na zana ranar farko ya fito kamar an taka shi da mota, layin yana rawa kamar na ɗan aji ɗaya. Kullum kofi ɗaya, wannan kofin dai, ina rubuta kwanan wata a ƙasa. Da aka cire min abin hannun na jera su 40 a ƙasa tun daga na farko, yaya ka ga yadda kofin yake miƙewa a hankali kamar shi ma jinyar yake. Ka gwada ko da biro ne a bayan takarda, ka zana ƙafar taka ma mai siminti tunda ita ce a gabanka kullum kuma ba ta motsi hhh.

---

Dattijo_Mai_Rediyo ya rubuta:

Yaro sannu, Allah ya tashi kafaɗa. Na karanta duka, kowa ya yi magana mai kyau, amma ni zan ɗan saɓa, musamman da 'yata mai fensir. Labarin waɗancan mutanen gaskiya ne kuma yana da daɗin ji, sai dai ina tsoron abin da yake yi wa majinyaci. Mutum yana kwance da ƙafa a kumbure sai a ce masa wane a gadon jinya ya zama gwanin duniya, sai ya wayi gari bayan ciwon ƙafa ga kuma ciwon cewa shi bai zama komai ba. Cikin dubun da suka karye mutum nawa ne suka tashi da sabuwar sana'a? Yawancinmu da ƙafar kawai muka tashi, kuma ita muka je nema.

Ni ƙugu aka yi min aiki bayan na faɗi, ina da shekara 60 da ɗoriya. 'Ya'yana suka cika ni da kaya, wannan ya kawo littattafai, wannan ya sa min manhajar koyon Faransanci a waya wai kullum minti goma, tsuntsun cikinta ya riƙa turo min saƙo yana min gori in na tsallake rana, na ce a cire min shi kafin hawan jini ya kama ni. Akwai ranakun da jiki ba ya son komai, maganin ciwo ma yana sa kai ya yi nauyi, shi ya sa kake shafi biyu hankali ya gudu, ba laifinka ba ne. Irin wannan ranar ka bar ta ta wuce, ba bashi ka ci ba.

Abin da ya zauna min ni abu biyu ne kuma ba wanda ya kawo min su. Na sa aka juya kujerata ta fuskanci taga. Da farko ba komai nake gani ba sai katanga da reshen bishiya, amma da kwana suka yi kwana sai na gane wasu tsuntsaye biyu ne suke zuwa kullum wajen ƙarfe bakwai, ɗaya yana da tabo a fiffike, shi ne mai tsoro, sai ɗayan ya sauka ya ga lafiya sannan ya biyo. Na sa jikata tana ajiye musu ruwa a murfin roba. Shekara talatin ina gidan ban san da su ba. Rediyo tana gefe tana yi a hankali, ni da su.

Na biyu tsoffin hotuna. Akwai wata jaka da ta shekara ashirin a saman kabad ana cewa wata rana za a gyara, na sa aka sauko da ita, kullum in ɗebi goma in rubuta a baya da fensir wane ne wannan, wace shekara, a ina. Wanda ban gane ba in ɗauka a waya in tura wa yayata, sai ta kira, maganar minti biyu ta koma awa guda, har mutanen da muka yi shekaru ba mu gaisa ba aka nemo lambarsu ta dalilin hoto ɗaya. Kai da kake kukan 'yan dubiya sun ɗauke ƙafa, ka san mutane in sun kira majinyaci bayan ya jiki ya jiki ba su da abin cewa, shi ya sa suke ragewa. In kai ka kira da tambaya a hannu sai hira ta samu ƙafa.

Ka ɗauki abu ɗaya cikin duk abin da aka faɗa maka, in ya gundure ka ka ajiye ba tare da jin kunya ba.

---

Yar_Fensir ta rubuta:

Baba na karɓi gyara, gsky ni ma akwai ranakun da ban zana ba, 40 ɗin ai ya kamata su kai 45. Ni dai madubin da katakon ne suka burge ni, yadda aka kawo abin inda hannunta yake.

---

Mai_Sanda_Biyu ya rubuta:

Jama'a na dawo bayan kwana goma in ba da rahoto tunda kun yi min karamci. Tire ya samu, kwali ya samu, waya tana can kan firij sai na yi tafiyar sanda kafin in kai, jiya awa 4 ta nuna min. Ces na buga 14 an cinye ni 12, ɗaya na ci don mutumin netwok ɗinsa ya ɗauke, ɗayan kuma ɗana ne mai shekara tara, shi ma na ga alamar kwanan nan zai rama.

Abin da ya kama ni da gaske ban zata ba. Baba da ya ambaci rediyo sai na tuna akwai wata tsohuwa ta marigayi mahaifina a sito da ta daina magana tun kafin in yi aure. Aka ɗauko min, na shimfiɗa farin tawul a tire don kar ƙananan sukurori su gudu, na buɗe bayanta, ƙura da gawar kyankyaso har biyu. Kwana uku ina bin layukan allon da mitar gwada wuta ɗaya bayan ɗaya, ashe batir ne ya zube ya cinye ƙarfen mazauninsa, sai wata waya guda da ta saki a jikin maɓallin ƙara. Na kankare na goge, na sa yaro ya riƙe min tocila na ɗana mata dalma, ina murɗawa sai ga shuuu, sai ga muryar mutum. Madam ta fito daga kicin da gudu ta zata wani abu ne ya same ni don ihun da na yi. Yanzu maƙwabta sun ji labari, akwai fanka ƙarama ɗaya da tocila biyu da abin wasan yara a kwalin suna jiran layi, likita kar ka damu duk sukuro biyar ina motsa yatsu, mai kula da sanda ce take ƙirgawa kuma ba ta da sassauci.

Akwai ranar da ban yi komai ba, Talata, na kwanta kawai ina jin rediyon. Umma kwarashin ma an kawo amma har yanzu yana matakin harara. Hoto na gaba saura kwana 11. Wanda ya san yadda ake ciro sukuron da kansa ya cinye ba tare da na fasa robar ba ya taimaka min, na gwada dabarar sa robar ɗaure kuɗi a bakin sukurdireba bai yi ba, kuma na fankar nan ne guda ɗaya ya rage.